Yayen Tukur

Wa ya ce wasa da jariri aikin marasa aikin yi ne? Ya matso ya ji labarin Hansatu.

Ɗanta Tukur bakwaini ne. Ya cika wata goma bai zauna ba, ba ya ko waiwayen mai kiransa. Dangin mijinta, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa ɗaukarsa ba, suka fara raɗe-raɗin wai ɗan ruwa ne. Hansatu ta kai shi asibiti, ma'aikaciyar ta duba shi, ta ce ba allura yake buƙata ba, abokan wasa yake buƙata. Ga shi ita Hansatu malamar firamare ce, sai azahar take dawowa gida.

Mahaifiyarta, Iya Barmani, ita ta fara wasa da shi. Kullum sai ta zaunar da shi a cinyarta, ta rufe fuska da mayafi, ta yaye, ta ce, "Ga ni, angona! Miji ba haƙori, ba cefane, sai dalalar da miyau!" Sati uku tana yi yana kallon bango. A na huɗu ya dube ta, ya ƙyalƙyale da dariya, har ya kai hannu ya fizge mayafin.

Yayan Hansatu, Ɗanjuma tela, ya ɗinka ƙwallo da ƙyallaye, ya sa ƙaramin gwangwani mai tsakuwa a ciki. Yakan kwantar da yaron rub da ciki a tabarma, ya ajiye ƙwallon inda hannu ba ya kaiwa. Iya tana faɗa, wai zai kashe mata miji, shi kuwa bai fasa ba. Tukur ya ja ciki, ya zauna, ya yi rarrafe.

Lantana mai awara, maƙwabciyarsu, surutu ne nata. Tana aiki tana faɗa masa sunan komai, ludayi, murhu, akuya, kuma takan yi shiru ta jira amsarsa kamar babban mutum. Ranar da ya nuna randa ya ce "uwa", ruwa yake nufi, Hansatu ta zauna a ƙasa ta yi kukan daɗi.

Yanzu ya kai yaye, yana gudu yana ɓarna. Gida ɗaya ake kai yaro yaye, kuma kowannensu ya aiko cewa shi yake jira. Wanda aka hana zai ce an raina wahalarsa.

Kada kowa ya tashi sai kun yanke wa Hansatu hukunci. A ƙofar wa za ta sauke Tukur?