Shaf Ɗin Motar Bunu

An yi wani mutum a Haɗejia, makanike ne. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana da 'ya'ya. Allah ya ba shi hannu. Mota na shigowa garejinsa, daga jin ƙararta ya san ciwonta.

Ya 'yan uwa, ɓarna ba ta fara da girma. Da fari tsohon giris yake mayarwa ya ce sabo ne. Babu wanda ya gane. Daga nan zuciyarsa ta bushe.

Akwai wani direba, Bunu, mai jigilar kifi da fasinja daga ƙauyukan Baturiya. Sahu ɗaya suke sallah da makaniken nan. Da damina ta kama, motar Bunu ta fara ƙas-ƙas duk sa'ad da ya karya kwana. Makanike ya leƙa ƙasa ya ce shaf ne ya ci, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Bunu ya je har Kano ya sayo sababbi, na hagu da na dama, ya danƙa masa ya tafi gida.

Mutumin nan ya ɗaga mota a jak, ya kwance tayoyi, ya zare tsofaffin. Ya ga na hagu ya tsage. Da idonsa ya gani. Sai ya bi tsagar da walda, ya goge, ya shafa baƙin fenti, ya sa sabuwar roba ya mayar. Sababbin kuwa ya sayar wa wani.

Da Bunu ya dawo ya ce, "Maigida, hanya ta lalace, kuma rayuka nake ɗauka. Na dogara da ita?"

Ya ce, "Wallahi ko Nguru za ka, je ka."

Kun ji? Ya sa sunan Allah a kan walda.

A shekarar kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya cinye shinkafa, ya shiga gidaje. Bunu ya bar kifi ya koma kwaso mutane daga ƙauyensu, kyauta. Wata la'asar ya cika mota da mata da yara, ya hau wata siririyar hanya, ruwa dama ruwa hagu. Taya ta faɗa rami, shaf ya karye daidai wurin waldar, ya cije tayar. Mota ta juya ta gangara cikin ruwa.

Bunu ɗan bakin kogi ne, ya iya iyo. Ya fito. Amma ya koma ya fiddo mace, ya koma ya fiddo yaro. Haka ya yi ta nutsewa har masunta suka iso da kwale-kwale. Nutsewar ƙarshe bai taso ba.

Da aka jawo motar gari, makanikai suka taru. Suka kankare fenti, suka ga walda. Babu wanda bai san hannun ba.

Ba a doki makaniken nan ba. Matar Bunu, Ummussalma, ta tsaya a bakin gareji bayan ta fita takaba, ta ce, "Malam, kullum yana cewa kai ɗan'uwansa ne." Ta juya.

'Yan ƙungiyar makanikai suka kore shi. Motoci suka daina zuwa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu a Miga. Mafi muni, ya kasa alwala. Da ya tsiyayo ruwa daga buta sai ya tuna ruwan da ya ci Bunu, ya yar ya tashi. Mutumin da ya fi kowa buƙatar tuba, ga shi ya kasa tsayawa gaban Ubangijinsa.

Waɗanda suka gan shi daga baya sun ce a tasha yake yini. Yana rarrafawa ƙarƙashin motocin mutane, yana shafa ƙarafa, yana roƙon direbobi kada su tashi.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Wane abinci ya ci da ya kai ran Bunu? Aikin da mai shi ba ya gani, nan ne amana take. Kai tela, kai magini, kai mai sayar da magani, kowa yana da ƙarƙashin motarsa. Fenti yana rufe wa mutum ido, ba ya rufe wa Allah.

Allah ya tsarkake sana'o'inmu, ya jiƙan Bunu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu. Amin.