Ƙullin Ƙofar Fada

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa, Tanimu ɗan Waziri ya komo gida bayan shekaru a ƙasar Hindu. Ya tarar an sare tsamiyar bakin ƙofa, kasuwa ta koma gabas, marinar unguwarsu ta cike da ƙasa. Tsohon Sarki ya ƙaura, ɗansa ke bisa karaga. Abu ɗaya ya samu yadda ya bar shi, ƙullinsa na ƙofar fada.

Al'adar birnin ke nan: wanda ya ƙi yafe wa wani, sai ya ƙulla tsirkiyar ɗanyar fata a jikin ƙyauren fada. Muddin tana nan, ba ya taka gidan wancan, ba ya wankan gawarsa. Wuƙa ba ta taɓa ta, mai ƙullin kaɗai ke kwancewa da yatsunsa. Tanimu kuwa ya ƙulla tasa ce don mahaifinsa, ranar da Waziri ya sa aka yi masa bulala gaban fadawa don ya zagi baƙon Sarki.

Ya sauka masaukin fatake. Aka ce masa Waziri na kwance, jiki ya yi tsanani. Ya ce, "Ya aiko ya ce ya yi kuskure tukuna." Kullum yana ratsa ƙofar fada, yana kau da kai.

Sarki ya sa aka kira shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ɗan Waziri, mu ba mu taɓa ganin teku ba. Yaya take?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ne mai yawa."

"Wannan ko makahon kasuwa ya sani. Biranen Hindu fa? Me suke ci, yaya suke gini?"

Tanimu ya buɗe baki, ya rasa ta cewa. Sai ya tuna a cikin jirgin ruwa maganar da zai gasa wa Waziri yake shiryawa. A kasuwannin yaji ma ita yake gyarawa, yana ba kansa amsa, yana ƙara mata zafi.

Sarki ya ce, "Ashe ba ka je ko'ina ba. Shekarun nan duka kana tsakar fadar nan, ana zuba maka bulala. Waziri sau ɗaya ya sa aka yi. Sauran wa ya yi maka?"

Tanimu ya fito. Ya tsaya gaban ƙyaure yana tsoron fatar ta bushe ta zama ƙarfe, kamar sauran da ke kusa da ita. Yana ja sai ta saki, laushi kamar zare.

Sarkin Ƙofa, wani dattijo da ke gadin wurin, ya ce, "Kowace safiya ubanka ke shafa mata man kaɗanya. Ya ce kada ta ji maka ciwo a yatsu ran da ka zo. Da ya kwanta, ni ya bar wa aikin."

Tanimu ya sheƙa da gudu zuwa gidan mahaifinsa. Tun daga bakin zaure ya ji salatin mata.

Malamai suka yi gardama ko ya halatta ya taɓa gawar, don ba wanda ya san ko kwancewar ta riga cikawar. Sarki ya yanke hukunci, ya ce, "Ƙullin da uba ya yi ta tausasawa, kwantacce ne tun tuni. Ku ba shi ruwa ya wanke mahaifinsa."

Bayan sadakar bakwai, Sarki ya ce ya zauna a fada. Tanimu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka tambaye ni teku na kasa. Bari in je in gan ta."

Da ayari ya fara haɗa kaya, ya naɗe tabarmarsa, ya nemi abin ɗauri. Tsirkiyar ce a aljihunsa, har yanzu tana ƙamshin kaɗanya. Ya zagaya ta jikin tabarmar, ya yi mata ɗaurin sako-sako.