Kubura Mai Tuwo da Injin Wanke-Wanke

Akwai wata mata a Kankiya, Kubura mai tuwo, da ta yi asarar haƙoran gaba biyu, da fatar ƙafarta ta dama, da rumfar da ta fi kowace rumfa ciniki a tashar mota, duk a yini guda. Abin da ta samu a madadinsu shi ne kowa ya yarda ba ƙarya take yi ba. Ku karanta ku gani ko cinikin ya yi riba.

Mijinta Malam Isiyaku direban babbar mota ne. Da ya rasu aka sayar da motar, aka raba gona, aka ba ta tumuninta. Abu ɗaya ne magada suka ƙi ɗauka: wani akwatin ƙarfe mai ƙananan tayoyi huɗu da ya daɗe a zaure, kaji na ƙwai a kansa. Tsayinsa ya kai ƙugu, murfinsa a sama, ga igiyar wuta da tiyo a baya. Wani tsohon injiniya ne ya ba marigayin, lokacin da ya kwaso masa kaya daga Legas.

Ƙanin mijin ya shure shi da ƙafa ya ce, "Ki haɗa da wannan, kya riƙa zuba gawayi."

Maganar ta tsaya wa Kubura a rai, domin marigayin ya sha gaya mata cewa injin wanke kwanuka ne, kuma ba a ƙera irinsa yanzu. Tana fita takaba ta goge shi da tsumma, ta turo shi tun daga gida har tasha, ta girke shi a gaban rumfarta, ta sa duwatsu ta tokare tayoyin. Ba ta taɓa kunna shi ba. Amma duk direban da ya zauna cin tuwo sai ya ji labarinsa.

Rumfar Kubura ce ta bakin titi, inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa. A bayanta, kusa da masu faci, akwai rumfar Murja, wata mata da ke zuwa daga Kusada kullum da shinkafa da wake. Wajen ɗan koli ɗaya suka sayi kwanukansu na silba, iri ɗaya sak. Da yake fasinja na ɗaukar kwano ya shiga mota da shi, direba ya kai nasa ƙarƙashin bishiya, kowace ta yi wa nata shaida a gindi. Kubura ɗigon jan fenti, Murja layi biyu na shuɗi. Da yamma a tattaro, a kifa, kowa ta zari nata.

Wata rana Kubura na tsaka da yabon injin, Murja ta leƙo ta ce, "Yaya Kubura, wai akurkin nan naki yaushe zai yi ƙwai?"

Direbobi suka tuntsire da dariya.

Kubura ta ajiye mara. "Ke 'yar ƙauye, mi kika sani? Wannan da kike gani ko bakinki aka sa ciki sai ya fito fes."

"To a kunna mana. Ko kuwa sai Malam ya dawo ya kunna?"

Dariyar ta tsaya cak. An taɓa mamaci. Kubura ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta aika a kira Babba sarkin tasha. A gabansa ta faɗi sharaɗi da bakinta: ranar kasuwa za a gwada. In inji ya kasa, ta bar wa Murja rumfar bakin titi. In ya wanke, Murja ta kwashe tukwanenta ta koma Kusada, kada a sake ganin ƙeyarta a tashar.

Babba ya ce, "Haba Kubura, a kan wasa?"

"Ranka ya daɗe, ni ba a wasa da ni. Ta yarda ko ba ta yarda ba?"

Murja ta ce ta yarda, amma da nata sharaɗin: ba za a wanke kwano ko ɗaya ba tun jajibirin kasuwa, a bar su su bushe a rana. Babba ya ƙara da cewa kwanukan da za a sa a injin su zama rabi na Kubura, rabi na Murja, don kada a ce an yi coge.

Ranar kasuwa tasha ta cika maƙil. Har masu lemo da masu rake suka baro tirensu. Dawuda mai cajin waya ya jawo babban janaretansa, ya duba igiya, ya ɗaure inda ɓera ya ci. Aka kawo kwanukan a buhu, ƙudaje na bin su. Miyar kuka ta bushe ta yi ɓawo, tuwo ya ƙanƙame kamar siminti, manja ya daskare a gefe. Murja da kanta ta fara da mafi muni ta jera su duka a ragar ƙarfen da ke ciki, tana jerawa tana murmushi.

Dawuda ya ce, "Inna, ina sabulunsa? In aka sa garin wanki kumfa zai cika shi."

Kubura ba ta san yana da sabulu nasa ba, kuma ba za ta ce ba ta sani ba. Ta shiga rumfa ta ɗauko ƙullin sodar da take haɗa sabulu da ita, ta zazzaga rabi.

"Inna, ya yi yawa fa. Wannan ko fata ya taɓa..."

"Fatarka za a wanke? Zuba ruwa."

Aka juye tafasasshen ruwa daga tukunyar tuwo, aka rufe murfi, aka saka bakin tiyo a wani babban baho. Dawuda ya murɗa maɓallin. Shiru. Murja ta fara guɗa. Sai injin ya yi tari, janareta ya yi nishi kamar zai mutu, akwatin ya kama rawa a kan tayoyinsa. Ana jin ruwa na dukan ƙarfe a ciki, tururi na fita ta gefen murfi. Waɗanda ke gaba suka ja da baya, wata tsohuwa ta kama salati.

An daɗe ana tsaye. Daga baya tiyo ya fara aman wani baƙin ruwa mai zafi a cikin baho, har ya kusa cika. Aka sake zuba ruwa, ya sake juyawa, sannan ya yi tsit.

Babba ya ɗaga murfi da gefen rigarsa. Da tururi ya washe ya zaro kwano ɗaya, ya ɗaga shi sama. Rana ta haska shi har sai da mutane suka kare ido. Ya shafa yatsa a ciki, ya shinshina, ya zaro wani, ya zaro wani. Ko ɗigon maiƙo babu.

"Jama'a, inji ya wanke."

Tasha ta kaure da ihu. Kubura ta tsaya ta riƙe ƙugu, ba ta ko yi dariya ba. Ta dubi Murja ta ce, "Motar Kusada na can tana lodi."

Babba ya matso ya rage murya. "Kubura, kin ci. Kowa ya gani. Ki bar ta ta nemi abincin 'ya'yanta, rumfar baya ba ta tare miki komai ba."

"Albarka."

"Ba ciniki muke ba."

"Ni kau ciniki nike. Albarka."

Murja ba ta roƙa ba. Idonta ya kawo ruwa, ta shanye shi, ta sunkuya za ta zari kwanukanta. Ta kifa na farko, ba shuɗi ba ja. Ta kifa na biyu, haka. Ta kifa na uku, duk ɗaya. Ashe soda da ruwan zafi ba miya kaɗai suka ci ba, sun tafi da fentin gaba ɗaya. Kwanuka sun fito tas, kamar yau aka sauke su daga kan ɗan koli.

Ta ce, "Yaya, shaida ta goge. Sai a raba biyu."

Nan ne wurin tsayawa. Kubura ta san rabi ba nata ba ne, a gabanta aka jera. Amma ihun mutane na cikin kanta, da maganar gawayi, da maganar akurki.

Ta ce, "Ina naki? Nuna mini layinki in ba ki."

"Ki ji tsoron Allah! Su ke nan jarina."

"Abin da ya fito daga cikin injina nawa ne. In kina da shaida ki kawo."

Murja ta cafki ragar da hannu biyu za ta fizge. Kubura ta rarumi muciya ta sauke mata a tsintsiyar hannu, ƙarar ta kai har wajen masu faci. Murja ta ƙwalla ƙara, ta sunkuya, ta taso da murfin tukunya a ɗaya hannun, ta maka wa Kubura a baki. Jini ya wanke gaban rigarta. Ta tofar, haƙora biyu suka faɗo cikin ƙasa.

Daga nan ba wanda ya sake jin muryar Babba. Suka sarƙe suka zube a kan benci, bencin ya karye. Murja ta danne ta tana kai mata naushi a fuska, Kubura ta kama kitsonta ta tuge, ta gartsa mata cizo a kafaɗa har sai da ta ji gishirin jini. Wani direban layin Kusada ya shiga zai janye Murja, wani na Kankiya ya zaci duka zai kai, ya rafka masa kujera a baya. Shi ke nan faɗa ya zama na gari da gari. Itacen murhu ya tashi sama, rake ya zama sanda, aka fasa wa mai lemo goshi da dutse, tukunyar miya ta kife a kan wuta.

Kubura ta samu ta zame. Idonta ya rufe, ba ta ganin komai sai Murja da ke ƙoƙarin tashi. Ta sunkuci bahon baƙin ruwan nan za ta sheƙa mata a fuska.

Dawuda ya yi tsalle ya riƙe gefen bahon. "Inna, soda ce! Za ki makantar da ita!"

Suka yi kokawa da shi, bahon ya karkace. Rabi ya zuba a hannun Murja, sauran ya sauka a ƙafar Kubura. Ihun da suka yi tare ba mai iya bambance na wace ce. Fata ta saluɓe nan take.

A cikin turmutsitsin nan, duwatsun da aka tokare tayoyin injin da su ne aka kwashe aka yi jifa. Wani ƙato ya faɗo da baya a jikin injin. Igiya ta tsinke, akwatin ya gangara, kwanukan na kaɗawa a cikinsa, ya hau kwalta. Tirelar siminti na tahowa daga Katsina. Direban ya danna oda, ya taka birki, taya ta yi hayaƙi, ya kauce wa wata bas cike da mutane da ƙyar, ya bi ta kan injin.

Ƙarar ce ta raba faɗan. Kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa. A tsakiyar titi ba abin da ya rage sai wani faifan ƙarfe, da taya ɗaya da ke ta juyawa ita kaɗai har ta faɗa kwalbati.

Mota ɗaya ta kai su asibiti, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. Hukuncin Babba bai yi tsawo ba: wadda ta fara ɗaga muciya, ita ta ɗauki baho, ita ta kusa jawo a kashe mutane a titi. Aka karɓe rumfar bakin titi aka ba Murja. Sai dai Murja ta dawo da hannu a naɗe, ta zauna a rumfa mai kyau ba kwanon zuba abinci, sai aro take bi.

Dawuda ne ya jawo ƙarfen a baro ya jingine wa Kubura a zaure. Da ƙafa ta fara takuwa, ta zauna da guduma da ƙusa tana son ta ɓamɓaro kwanukan. Sun manne da juna, sun manne da jikin injin, sun zama abu guda. Ta juya shi ta sake juyawa. Ko a yanzu ba ta iya cewa wannan nawa ne, wancan nata.

Tana nan zaune Kamalu mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi sallama, da kurarsa cike da robobin da yake musaya da su. Ya ɗaga ƙarfen, ya jinjina.

"Gwaggo, bokiti ɗaya."

"Albarka." Iska na fita ta gurbin haƙoran, amma muryar na nan.

"Wallahi silban da ke ciki ne ma abin so, injin gwangwani ne."

"Gwangwanin ya yi abin da uwarka ba ta iya ba. Ƙara."

"Bokiti da baho."

"Ka ga na yi kama da mai son ganin baho? Sauke farantan can."

Suka yi ta ja har inuwa ta juya. Sau biyu Kamalu na tura kurarsa zai tafi, sau biyu yana dawowa. A ƙarshe ya share gumi ya ce ta faɗi da bakinta, ya gaji.

Kubura ta ce, "Farantan roba dozin biyu. Dozin ɗaya ja, dozin ɗaya shuɗi, irin wanda launin ke cikin jikinsa. Jan ka ajiye nan. Shuɗin ka kai tasha, rumfar bakin titi, ka ce kayanta ne, ban ce ka ba ta haƙuri ba. A haka na sallama."

Darasi: In Allah ya ba ka nasara a kan mutum, ka karɓi abin da ka ci ka tsaya nan, kada ka miƙa hannu kan abin da ka san ba naka ba ne don kawai mai shi ya rasa shaida. Gaskiyar da ka fara da ita ba za ta kare ka daga zaluncin da ka ƙare da shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ba su iya cin gardama su yi shiru ba.