Kwalaben da Ke Ƙarƙashin Gado

Akwai wata mace a wani ƙauye, mijinta dattijo ne a ikilisiya. A tsakar gidansu akwai kuringar inabi guda ɗaya, mijin ne ya dasa ta saboda inuwa. Wata shekara sai ta yi 'ya'ya har suka yi yawa. Suka sha, suka ba maƙwabta, tsuntsaye ma suka sha nasu, duk da haka saura na zubewa ƙasa yana ruɓewa. Matar nan kuwa ba ta son ɓarna ko kaɗan.

To, ta taɓa jin wata mata a motar kasuwa tana faɗin yadda ake yin ruwan inabi a gida. Wai a matse 'ya'yan, a sa sukari da yisti irin na burodi, a rufe a ajiye. Iyakar abin da ta ji ke nan, don an iso garinsu ta sauka, mai maganar ba ta gama ba.

Ta so ta tambayi wani. Amma wa za ta tambaya? In ta tambayi mutum ɗaya, gobe gari duka ya ji wai matar dattijo tana yin giya. Sai ta fasa tambayar. Ran da mijin ya tafi gona ta matse inabin a bokiti, ta sa sukari, ta sa yisti, ta ɓoye bayan buhunan masara.

Da aka kwana biyu abin ya fara kumfa, yana wani tsss, warinsa ya soma fitowa. Tsoro ya kama ta. Ita kuwa sana'arta zoɓo. Abin da ta sani shi ne, in ka ɗura abu ka murɗe murfi da ƙarfi, shi ke nan, ba ya zuba, ba ya wari. Ba ta san sabon ruwan inabi numfashi yake yi ba. Dole a bar masa 'yar ƙofa iska ta riƙa fita, har ya gama aikinsa ya kwanta. Sai ta tace shi, ta ɗura a kwalabe, ba ma a gorar roba ba. Ta sa leda a bakin kowace kwalba, ta murɗe murfi, ta naɗe da robar taya tam. Ta tura su ƙarƙashin gadonta, can lungu. Bazara ce kuma, ɗakin rufin kwano ne.

Wata safiya tana shara sai ta ji tau! kamar bindiga. Ta shiga da gudu. Kwalba ɗaya ta fashe. Wani gutsure ya shige katakon gado, da ƙyar ta zare shi. Ta leƙa sauran, ta kasa taɓa su. Ta goge ƙasa, ta kunna turare da yawa, ta ce a ranta, bari rana ta yi sanyi in san yadda zan yi. Ta manta ranar ce zumuntar mata za su zo gidanta yin addu'a.

Da rana sai ga su, da tulun kiɗansu da caki. Suka zauna a inuwar inabin. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai barkwanci, kowa Mama yake ce mata. Ta shaƙi iska ta ce, “Maman Dogara, wannan turare haka? Ko Baba dattijo ya ce a sake amarci ne?”

Mata suka fashe da dariya. Matar gidan ma ta yi, amma iya baki.

A cikinsu akwai wata Bilhatu, haihuwarta ta fari ke nan, jaririn ya yi barci a bayanta yana ta gumi. Mama ta ce, “Bilhatu, sauke yaron nan ki kai shi ɗaki, kin dafa shi.”

Ɗakin mai gida a kulle yake, ya tafi da makulli. Saura ɗaki ɗaya.

Matar ta ce, “Mama, ban gyara ɗakin ba.”

“Mu duba-gari ne?”

“Akwai ɓera kuma.”

“Ɓeran gidan dattijo ai ya daɗe da tuba. Ke Bilhatu, wuce.”

Aka sake dariya. Bilhatu ta shiga. Ta ji tsoro kada yaron ya mirgino daga gado, sai ta shimfiɗa zane a kan tabarma ta kwantar da shi a ƙasa, dab da ƙafar gadon. Ta fito ta ja ƙofa.

Aka fara waƙa. Duk bugun tulun nan, matar sai ta ji kamar kwalba ce. Ta ce a ranta, bari in tashi in ɗauko yaron. Amma in na ɗauko shi za su ce me ya sa. Ta ce, wataƙila sauran ba za su fashe ba. Ta ce, bari a gama wannan waƙa tukuna. Bakinta na waƙa, kunnenta na ɗaki. Gumi ya jiƙa mata riga.

Da waƙa ta ƙare Mama ta ce, “Uwar gida ce za ta buɗe mana da addu'a.”

Matar ta miƙe. Kowa ya rufe ido, wuri ya yi tsit. Ta ce, “Ya Ubanmu...” Sai ta ji sautin nan daga ɗaki, siriri. Tsss.

Ta buɗe ido ta ce da ƙarfi, “Mama, akwai kwalabe a ƙarƙashin gadon! Giya na haɗa, ɗaya ta fashe da safe!”

Ba ta jira amsa ba, ta ruga. Ta sunkuya ke nan a kan yaron, kwalba ta tashi. Gutsattsari suka shige mata hannu da kafaɗa. Amma ɗaya ya wuce ta, ya yanki yaron a saman gira. Kaɗan ya rage ido.

Bilhatu ta fizge ɗanta tana ihu, jini a fuskarsa, mata biyu suka bi ta zuwa asibiti. Mama ta jiƙa buhu ta lulluɓe sauran kwalaben, ta hana kowa shiga. Sannan ta zauna tana cire wa matar gutsattsarin kwalba daga hannu. Ba ta yi mata faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “'Yata, da kin faɗa tun da muka shigo, dariya kaɗai za mu yi miki.”

Yaron ya warke, amma tabon yana nan. Bilhatu ba ta zage ta ba, tana gaishe ta a sujada. Sai dai ba ta ƙara taka gidan ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, kwalbar nan zuciyar mutum ce. Ruwan inabin kuma shi ne abin da ka yi, ko abin da aka yi maka, wanda ba ka so kowa ya ji. Kana ganin in ka murɗe bakinka ya mutu. Bai mutu ba, yana ciki yana aiki. Kana cin tuwo yana aiki, kana waƙa a sujada yana aiki. Turaren shi ne dariyar da muke yi don kada a gane. Jaririn kuwa shi ne wanda ke kusa da kai, bai san komai ba, ƙanwarka ce ko mamarka, kuma shi abin zai yanka.

Allah ya riga ya ga ƙarƙashin gado, ba shi muke ɓoye wa ba. Ku faɗa masa, sannan ku nemi babba guda ɗaya mai riƙe magana ku faɗa mata, ko da muryarku na rawa. Na san da wuya. Kada kuma wani ya zo bayan an tashi yana tambayata wane ƙauye ne, ko wace ce matar. Misali ne kawai.

Ku dai tuna, matar nan ta faɗi gaskiya. Jira ta yi a gama waƙa.