Katangar Karfasan Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, ta cikin rafi.

Ta fito daga ruwa mu ji ta.

Karfasan wani rafi zuriya ɗaya ne, wasu a sama wajen duwatsu, wasu a ƙasa cikin taɓo. Duk damina in ruwa ya cika, samarin ƙasa su haura neman aure, na sama su gangara.

Sai shugaban na sama, wani mai girman kai, ya kira Ƙaguwa ya ce, "Toshe mini mashigar nan. Jininmu ba zai ƙara gauraya da na 'yan taɓo ba."

Tsohuwa Gaiwa, da ta hauro daga ƙasa, ta fusata ta ce, "Kai yaro, uwarka 'yar taɓo ce. Ni na rako ta gidan ubanka."

Ya ce, "Iya, bakinki ya yi yawa."

Ƙaguwa ta gina katanga. Aka yi ta auren gida, damina bayan damina, har 'ya'ya suka riƙa fitowa ƙanana, bayansu a karkace. Da cutar ƙuraje ta shigo, ta kwashe su kusan duka, don babu mai wani jini daban da zai jure.

Dole shugaba ya fasa katangar, ya gangara da jikokin da suka rage. Ya ce, "Salamu alaikum 'yan uwa, aure muka zo nema."

Wata budurwa ta ƙare musu kallo, ta ce, "Iya Gaiwa, waɗanne irin kifaye ne waɗannan?"

Gaiwa ta ja tsaki ta ce, "Masu tsarkin jini ne."

Ƙurunƙus kan ƙaguwa, tatsuniya ta koma ruwa.