Mutumin da Ya Toshe Indararon Ubansa

'Yan'uwa, tun da aka kafa harsashin majami'ar nan ban ji an tsananta wa wani bawan Allah kamar yadda aka tsananta mini a makon nan ba. Ni Habila, da na yi shekara goma sha tara ina koyar da 'ya'yanku, ni da ko Fasto ya sha yaba muryata, yanzu ba ni da ikon wuce ƙofar kowa sai an ce, "Malam, ya ruwa?" Na san gaisuwar damina ce. Amma me ya kawo murmushi a cikinta? Jiya Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, sau uku ta yi mini ita tsakanin rijiya da ƙofar gidanta, tana rufe baki da gefen zane. Ni dai na yafe. Ku saurari wannan misali, wanda bai shafi kowa a nan ba.

Akwai wani mutum, tsoho, yana zaune da matarsa a soron ƙasa da ya gina da hannunsa. Kowace shekara kafin ruwan farko yakan hau tsani, ya yaɓe inda rufi ya tsage, ya kwashe ganyen da ya taru a bakin indararo, domin ruwa ya sami hanyar sauka. Ana nan sai wata shekara gwiwoyinsa suka ƙi tsani, idanunsa kuma suka dushe. Sai ya aika wa ɗansa da ke birni.

Ɗan nan kuwa dogo ne, kyakkyawa, ya iya karya hula. Yana kuma ƙaunar iyayensa, wannan kada kowa ya yi shakka. Ya zo da sassafe da buhun farar ƙasa.

Uban ya ce masa, "Ɗana, aikin ba shi da yawa. Ka duba rufi, ka buɗe wa ruwa hanya."

Ɗan ya share tsakar gida, ya ƙone busassun ganye, ya sare reshen darbejiyar da ke gogar rufi. Sa'an nan ya shafe bangon gaba da farar ƙasa har yana ɗaukar ido. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa, "Kai, ɗan tsoho ya haifu!" Maganar nan ta yi masa daɗi ƙwarai.

Da ya ja da baya don ya more kallon aikinsa, sai ya ga indararo, tsohon gwangwani mai tsatsa, ya leƙo daga tsakiyar farin bangon. Ya ce a ransa, "Akwai wani a baya, ai zai isa." Ya zare shi, ya toshe ramin da laka, ya shafe wurin da fari.

Uwar ta fito ta ɗaga kai, ta ce, "Ni kam bangon nan kamar ya rasa wani abu."

Ya ce, "Muni ya rasa, Inna."

Uban ya yi kira daga ɗaki, "Ka buɗe wa ruwa hanya?"

Ya ce, "An gama komai, Baba." Ya karkata hula, ya koma birni.

Abin da bai sani ba, domin bai tambaya ba, shi ne tsohon ya gina rufin ne da gangara zuwa gaba. Ran nan da rana tsaka hadari ya taso, aka sheƙa ruwa. Ruwan ya nemi hanyarsa ta shekara arba'in bai samu ba, sai ya kwanta a kan rufi kamar kududdufi. Ƙasa ta jiƙe, ɗaki ya fara yoyo. Tsohuwar ta tara kwano, ta tara ƙwarya, ta tara tukunya. Da ta ji azara tana ƙara, ta kama hannun mijinta ta ja shi waje. Ko ƙofa ba su gama fita ba, wani gungumen laka ya faɗo daidai inda yake ɗora kansa.

Kashegari ɗan ya iso a guje, ko hula babu. Uwar ta ce, "Sannu da aiki. Bangon kam ya yi kyau. A gindinsa muka tsaya muna kallonsa, ruwa na dukanmu."

Uban bai yi faɗa ba. Ya sa aka fito masa da kujera, ya ce, "Hau tsani. Hannu naka, sani nawa." Kwana uku ɗan yana sama, tsohon yana ƙasa yana faɗa masa inda zai taɓa, har aka mayar da mummunan indararon wurinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji ya umarce mu mu girmama iyayenmu, girmamawa kuwa daga kunne take farawa kafin ta kai hannu. Farin bango shi ne taimakon da muke yi don mutane su gani. Indararo shi ne ƙaramin abin da tsoho ya roƙa, wanda ba mai yabonka a kansa, amma a kansa ransa ya rataya. In ƙarfinsu ya ƙare, ba saninsu ne ya ƙare ba. Kafin ruwa ya sake saukowa, kowa ya je gida, ya tambaya, ya kuma tsaya ya ji amsa.

To, na ga Mama Rifkatu ta sake kai zane baki. Shi ke nan. Dogon nan mai hula ni ne, laka kuma ni na kwaɓa ta, ba wanda ya sa ni. Baba yana lafiya, Inna kuwa ita ta zo nan ta baza labarin a zumuntar mata, kuma ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Saboda haka ku ci gaba da tambayata ya ruwa. Ruwa ya yi gyara.