Rigar Ledar da Na Ɗinka wa Barewa

Ranar da na fara ganin Barewa, yagaggen wando ne ya kawo shi shagona. Yayana ne ya jawo shi, su biyu sharkaf da zufa, sun dawo daga gudun safe. Wandon ya tsage daga cinya har gwiwa, shi kuwa ya ɗaura tawul a ƙugu yana ta dariya.

"Auta, ga gwaninmu," in ji Yaya. "Barewa ake ce masa. Ki ɗinke da kyau, ƙafafun nan ne za su fitar da mu kunya."

"Malama tela, a yi haƙuri," in ji Barewa. "Wandon ne ya kasa bin saurina."

Na sunkuyar da kai a kan keke. Aikin minti biyar ne, amma sai da na ja shi har minti ashirin.

Barewa a gidan burodi yake aiki. Shekara goma yana tsaye a bakin tanderu, hannuwansa duk tabon ƙuna. Yana da kirki, yana da fara'a, kuma a unguwarmu babu mai kama ƙafarsa a gudu. Aibinsa biyu ne. Yana ganin duk duniya babu wanda ya san zafi kamarsa, kuma idan aka musa masa, hannunsa ya fi bakinsa saurin amsawa.

A shekarar aka sa ranar gudun fanfalaki, mai kilomita arba'in da biyu, a daidai lokacin da hadari ke haɗuwa kullum amma ruwa ya ƙi sauka. Iska ta yi nauyi da laima. Ko atamfa na jiƙa na shanya da safe, sai yamma ta yi ba ta bushe ba. Mutum yana zaune a inuwa ma zufa tana bin bayansa.

Mai horar da su wani dattijo ne da ya yi gudu a ƙuruciyarsa. Baba Mai Agogo suke ce masa, saboda agogon da yake ratayawa a wuya. Yana bin su a tsohon babur da jarkar ruwa ɗaure a baya, kuma a ƙofar shagona suke yada zango, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena ne.

"Ku fita da asuba," yake ce musu. "Ku rage sauri. Duk kilomita biyar a kurɓi ruwa, da ɗan gishiri da sukari. Riga fara, mara nauyi. Jiki a hankali yake sabawa da irin wannan yanayi, ba a yi masa dole."

Barewa ya yi tsaki. "Baba, ni za a koya wa zafi? Wutar da nake shaƙa kullum, da kai ne da tuni ka gasu."

"Ɗana, zafin tanderu busasshe ne. Yana shanye zufarka, bushewar nan ita ke sanyaya ka. Wannan iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar naka. Zufa za ta yi ta zuba, cikinka kuwa yana tafasa."

"Zafi dai zafi ne. Ragwaye ne ke raba shi gida biyu."

Tun daga nan ya kafa wa kansa doka: ba shan ruwa sai an gama gudu. Wai ƙishirwa ce ke ƙera namiji. Bai tsaya a kansa ba. Wata safiya Yaya ya tsaya ya kafa gora a baki, Barewa ya zo a guje ya buge gorar da tafin hannu. Bakin gorar ya fasa wa Yaya leɓe, jini ya zubo har ƙirjinsa. Baba ya sauko daga babur ya riƙe hannun Barewa. Barewa ya fizge, ya hankaɗe shi. Tsohon ya faɗa kan babur, salansar babur ɗin mai zafi ta manne masa a ƙwauri. Har cikin shago na ji ƙaurin fata.

Baba bai yi ihu ba. Ya tashi da ƙyar, ya kwance jarkar ya ajiye a ƙofata.

"Ni dai na gama," ya ce. "Ban sayi agogon nan don in duba wa mutum lokacin mutuwarsa ba."

Barewa ya ji kunya, na gani a idonsa. Amma bai ba da haƙuri ba. Yaya kuwa ya ci gaba da bin sa da kumburarren leɓe. Ya ce mini, "Idan na bar shi, wa zai ɗauko shi ranar da ya faɗi?"

Bayan kwana uku Barewa ya shigo shago da tsohuwar rigar ruwa ta leda mai kauri.

"Malama tela, ki yanka mini wannan ta kama jikina. Ki sa roba a wuya da ƙugu, kada iska ta samu hanya. A ƙarƙashin rigar sanyi zan riƙa sa ta. Wanda ya saba gudu a cikin wannan, ranar gasa zai ji kamar a ƙarƙashin fanka yake."

A nan laifina ya shigo. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina sayen tsofaffin littattafai a bakin titi, ina karantawa idan ɗinki ya yi sauƙi. A cikinsu akwai wani na kiwon lafiya, bangonsa ma ya cire. Na karanta shafin da ya yi magana a kan zafi sau uku tun ranar da Baba ya tafi. Na san abin da leda za ta yi wa mai gudu a irin wannan iska. Na buɗe baki zan faɗa.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Kin san abin da ya sa nake son shigowa nan? Ke kaɗai ce ba kya yi mini wa'azi."

Na haɗiye maganata. Na auna ƙirjinsa. Na ɗinka rigar, na bi kowane layi sau biyu don kada ya ce aikina bai yi ƙarko ba.

Saura sati uku gasa, suka shirya gudu mafi tsawo, kilomita talatin da biyu. Da gangan Barewa ya ƙi fita sai ƙarfe takwas, bayan ya tashi daga bakin tanderu. Ranar ko ganye ba ya motsi. Sama ta yi fari fat, kwalta tana tururi. Na cika jarkar Baba, na ajiye kofi a kai, na zauna ina kallon titi.

Wajen goma da rabi na hango shi. Ba gudun da na sani ba ne. Yana karkata hagu da dama, kansa yana lilo. Yaya yana bayansa yana ihu da dusasshiyar murya: "Ku tare shi! Ku tare shi, ba ya cikin hankalinsa!"

Yaya ya cim masa a daidai ƙofar shagona, ya rungume shi ta baya. Barewa ya juyo ya kai masa naushi a tsakiyar fuska. Na ji ƙarar karyewar hanci. Yaya ya durƙushe, Barewa ya sake kai masa wani a ƙeya, ya bi shi da ƙafa.

"Burodi zai ƙone!" yake ihu. "Ku buɗe ƙofar tanderu! Wa ya rufe ni a ciki?"

Na ɗebi ruwa a kofi na nufe shi. "Barewa, ni ce. Sha, don Allah."

Ya dube ni da jajayen idanu, babu alamar ya taɓa ganina. Ya wurgo hannu ya make ni a kunci. Na yi baya na faɗa cikin shago, goshina ya daki ƙarfen keken ɗinki. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga ya ɗaga bencin da ke ƙofa zai rotsa wa Yaya a ka. Benci yana sama ƙafafunsa suka saki. Ya kifa da fuska a gefen kwalbati, haƙoransa biyu suka yi tsalle a kan siminti. Jikinsa ya shiga karkarwa, dugadugansa suna dukan ƙasa, kumfa da jini suna fita ta bakinsa.

Mutane suka taru. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce a lulluɓe shi, wani ya tafi neman mota. Na rarrafa na ɗauko almakashina. Na tsarge rigar sanyin, na isa ga ledar. Ɗinkin nan nawa mai layi biyu ya ƙi yankuwa. Na sa ƙarfi ina kuka har almakashin ya ci mini yatsa. Da ta buɗe, ruwa mai zafi ya kwararo mini a cinya. Fatarsa kamar bayan dutsen guga.

Maƙwabciyata tana sayar da ƙanƙara, Inna muke ce mata. Ban taɓa ɗaga murya a titin nan ba sai ranar.

"Inna! Duk ƙanƙarar da ke firijinki! Da babban bahon nan!"

"Yarinya, a kai shi asibiti mana!"

"Kafin mota ta zo ya dahu! A sanyaya shi tukun!"

Abin da littafin ya ce ke nan. Maza huɗu suka ɗaga shi suka sa a baho, muka juye ruwan jarkar Baba, Inna tana fasa ƙanƙara da taɓarya tana zubawa. Yaya ya tallafe masa kai da hannu biyu, jinin hancinsa yana ɗiga a ruwan. Sai da karkarwar ta lafa muka sa shi a mota.

Kwana biyu bai san inda yake ba. Fitsarinsa ya koma baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Likita ta ce naman jikinsa ne ya narke ya toshe ƙoda, sai da aka yi masa wankin ƙoda sau huɗu. Ta ce da ba don Allah ya sa an tsoma shi a ƙanƙara ba, da gawa muka kawo. Maganar gudu kuwa, ta ce a bar ta sai bayan shekara, idan ma za a yi.

Ranar gasa yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Yaya ya koma wurin Baba, ya bi tsarinsa, ya yi gudun da filasta a hanci. Bai zo na kusa da farko ba, amma ya ƙarasa da ƙafafunsa. Da yamma muka je asibiti mu uku. Baba yana ɗingishi, Yaya da lambar gamawa a wuya, ni da tabon ɗinki shida a goshi.

Barewa ya rame. Ya dubi goshina ya ce da bakinsa mai giɓi, "Malama tela, wane azzalumi ne ya yi miki haka?"

Ya dubi hancin Yaya, ya dubi ƙwaurin Baba, ya dubi bayan hannunsa da ya kumbura. Sai ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna girgiza.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a kan babur," in ji Baba. "Yanzu sai ka gaya mini, zafi gida nawa ne?"

"Biyu ne, Baba."

"Alhamdu lillahi. Haƙora biyu aka biya kuɗin karatun."

Yaya ya yi dariya har hancinsa ya yi masa zafi. Ni ban yi ba. Na buɗe jakata na fito da rigar ledar, a tsarge, na shimfiɗa a kan gadon.

"Ni ma ina da laifi," na ce. "Ranar da ka kawo ta na san abin da za ta yi maka. Na karanta. Na yi shiru don kada ka daina shigowa shagona."

Yaya ya zaro ido, Baba ya shiga duba agogonsa kamar bai ji ba. Kunya ta kama ni, amma na riga na fara, kuma na gaji da haɗiye magana.

"Ga su nan shaida. Na yi maka alkawari, daga yau duk ranar da na ga ka nufi abin da zai cutar da kai, zan faɗa maka a fuskarka, ko za ka yi fushi, ko ba za ka sake taka ƙofata ba. Kuma ranar da likita ta yarda ka koma gudu, ni zan ɗinka maka riga, fara, mara nauyi, ni zan tsaya a bakin titi da kofi. Kuma sai ka sha."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin abu ɗaya ba ya sa mutum ya san duk mai kama da shi. Barewa ya san zafin tanderu, sai ya raina zafin da bai sani ba, ya raina wanda ya sani, har ya ɗaga masa hannu. Girman kai ya raba shi da gasar da ya yi wata da watanni yana shiri, ya kusa raba shi da ransa. Duk mai shirin dogon gudu a lokacin da iska ta cika da laima, ya fita da sanyin safiya, ya rage sauri, ya sha ruwa, ya bar jikinsa ya sha iska, ya saurari na gaba da shi. Wanda kuma yake gefe yana kallo, kada ya ɗauka shiru ƙauna ce. Idan kana son mutum, ka faɗa masa gaskiya tun yana tsaye da ƙafafunsa.